Injin Yankan Itace Ya Ƙi Jan Mai Bayan An Gyara Kafireta: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu aiki da injin yankan itace a birnin Kano, tun daga masu sassabe darbejiya a cikin unguwanni har zuwa masu datse gungume a 'Yan Katako ta Na'ibawa, da kuma makanikan da ake kai wa gyaran. Kukan kusan iri ɗaya ne: an kwance kafireta, an wanke ta, an sa sabon kit, amma injin ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu, ko kuma ƙarfinsa ya zube da zarar sarƙa ta shiga itace. Bayanin ya fi shafar tsofaffin injuna irin su Stihl 070 da 038, da Husqvarna 61, da ƙirar ƙasar Sin masu lamba 5200 da 5800.

An sa wa kafireta sabon kit, to me ya sa har yanzu mai ba ya isa injin?

Dalili shi ne kafireta wuri ɗaya ce kawai a kan hanyar da mai yake bi, kuma abin da kit yake sabuntawa bai wuce fatun roba biyu da ake kira dayafiram, da gasket, da allura, da 'yar raga ba. Kafiretar babur ko ta janareta tana da kofi a ƙasanta, mai yana gangaro mata daga tanki da nauyinsa. Injin yankan itace kuwa ana aiki da shi a tsaye, a kwance, har ma a kife, saboda haka kafiretarsa ba ta da kofi, famfo ne a cikinta. Duk lokacin da fistin ya hau ya sauko, iskar da ke cikin ɗakin karanshaf tana matsewa tana sakewa, wannan numfashin ne yake kaɗa fatar famfo, ita kuma ta zuƙo mai daga tanki. Daga nan man ya ratsa raga, ya wuce allura, ya cika wani ɗan ɗaki da fata ta biyu take auna masa mai, sannan ya fita ta ramukan da sukurorin L da H suke tsarewa, L na ƙaramin gudu, H kuma na babban gudu.

Wannan ya nuna cewa akwai abubuwa a wajen kafireta waɗanda idan ɗayansu ya lalace, sabon kit ba zai amfana komai ba: mashaƙar iskar tanki, da filtar mai da tiyonta, da hanyar numfashi, da kuma oyilsil na karanshaf, wato zoben robar da yake hana iska bi ta gefensa. Galibin injunan da suke komawa wurin makaniki sau biyu ko uku a kan wannan matsala, ba a taɓa duba waɗannan wurare ba. Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce a bi hanyar mai daga tanki zuwa injin, a gyara abu ɗaya a gwada kafin a taɓa wani, kuma a bar sukurorin saiti su zama na ƙarshe.

Ta yaya zan gane ko man ne ya yi kaɗan ko kuwa yawa ya yi?

Fulogi ne yake ba da amsa. A rufe cok, a ja igiya sau biyar ko shida, sannan a kwance fulogin a duba bakinsa. Idan ya fito a bushe ƙayau, mai bai iso ba, sai a nufi amsoshin da suka yi magana kan jerin fata da gasket, da tiyo, da hanyar numfashi. Idan ya fito a jiƙe sharkaf yana warin fetur, man ya yi yawa, sai a duba amsar da ke kan obafulo, wato kwararar mai fiye da ƙima daga kafireta.

Idan fulogin a bushe yake, akwai gwaji na biyu. A ɗiga haɗaɗɗen mai, wato fetur da aka gauraya da man shafe injin na 2T, kamar rabin ƙaramin cokali a ramin fulogi, a mayar da shi, a ja. In injin ya tashi na 'yan daƙiƙoƙi ya mutu, to wuta da matsin silinda suna nan, matsalar ta isar mai ce. In ko tari bai yi ba, a daina zargin kafireta, a karanta amsar da ke bayani kan matsalolin da ba na mai ba. Kada a yi wannan gwaji da fetur zalla, domin man da ke cikin haɗin shi kaɗai ne yake shafe fistin.

Wane ne yake fara zama a jikin kafireta, fata ko gasket?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa bayan sa kit, domin ɓangarorin biyu jerinsu ya saɓa wa juna. A kafiretocin kamfanonin Walbro da Zama, waɗanda su ne a kan mafi yawan matsakaitan injuna, ɓangaren famfo yana farawa da fata a manne da jikin kafireta, sai gasket, sai murfi. Dalili kuwa shi ne fatar famfo tana da 'yan harsuna guda biyu da aka yanka a jikinta, su ne suke buɗewa da rufewa don mai ya tafi gaba kada ya koma baya, kuma dole su kwanta kai tsaye a kan ƙarfen. Idan gasket ya shiga tsakani, harsunan ba su da abin da za su rufe, famfo ya tashi daga aiki, fulogi ya fito a bushe.

A ɓangaren awo kuwa gasket ne yake fara zama, sai fata, sai murfi, kuma ɗan faifan ƙarfen da ke tsakiyar fatar yana kallon ciki, wajen hannun allura. Idan aka juya jerin, fatar tana danne hannun allura tun injin bai tashi ba, mai ya riƙa kwarara. Kafiretar Tillotson HL da ke kan Stihl 070 ta bambanta, domin ita an jera famfo da awo a gefe ɗaya, wani a kan wani. Wanda zai kwance irinta ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kowane abu yadda ya fito, ya kuma ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Sau tari kit ɗaya yana zuwa da fatu da gasket na kafireta iri daban-daban, saboda haka a ɗora sabon a kan tsohon, a ɗaga su sama wajen haske, a tabbata kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa.

Mene ne aikin ɗan hannun da ke ɗaga allura, kuma me ya sa ake auna tsayinsa?

Idan injin ya sha man da ke ɗakin awo, fata tana lotsawa ciki ta danna wannan hannu, shi kuma ya ɗaga allura, sabon mai ya shigo. Ƙaramin sifirin da ke ƙarƙashinsa ne yake mayar da allurar ta rufe. Idan hannun ya yi sama fiye da ƙima, allura tana buɗewa da wuri, mai ya yi yawa, injin ya riƙa hayaƙi yana shaƙewa a silo, wato lokacin da yake kunne ba a danna totur ba. Idan ya yi ƙasa, allura ba ta buɗewa sosai, injin zai iya yin silo lafiya amma ya rasa mai idan aka ba shi totur.

Sabon hannun da ke zuwa a kit ba lallai ne ya zo a daidai ba, kuma bambancin da bai kai rabin milimita ba yana canza yadda injin yake aiki. Walbro da Zama suna da 'yan ƙarafan awo na musamman don wannan aiki, a Tillotson HL kuwa ana daidaita hannun da daɓen ɗakin awo. Wanda ba shi da ma'auni, kuma tsohon hannun bai lanƙwashe ko ya cinye ba, gara ya mayar da tsohon ya sa masa sabuwar allura. Haka nan kada a ja sifirin don a ƙara masa tsawo, kada kuma a yanke shi. A wasu kafiretocin fatar tana da ɗan wuya a tsakiya wanda yake shiga cikin tsagar hannun, idan aka ɗora ta a sama kawai ba a maƙala ba, sakamakon obafulo ne.

Injin yana obafulo, har mai yana ɗiga ta bakin kafireta. Me zan yi?

Da farko a fitar da man da ya taru a ciki. A kashe makunni, a cire fulogi, a buɗe cok, a danne totur, a kifa injin ramin fulogi yana kallon ƙasa, a ja igiya sau da yawa har feshin mai ya daina fita. A yi wannan a fili, nesa da murhu da mai shan taba. Daga nan a goge fulogi, a tabbata tazarar bakinsa tana wajen milimita 0.5, a mayar, a tayar da injin ba tare da cok ba.

Wani lokaci laifin na hannun mai ja ne. Ana barin cok a rufe ne har injin ya yi tarin farko kawai, daga nan sai a buɗe, duk jan da aka ƙara bayan wannan tari cika silinda yake yi da mai. Amma idan obafulo yana dawowa ko da an kiyaye wannan, to allura ba ta rufewa: ko datti ya zauna a mazauninta, ko bakin robarta ya yi zobe, ko hannunta ya yi sama, ko an juya jerin gasket. Gwajin matsi da aka bayyana a ƙasa shi ne yake tabbatar da haka.

Yana tashi lafiya, ya yi aiki na 'yan mintuna, sai ya fara rage ƙarfi ya mutu. In an jima kuma ya sake tashi.

A fara zargin mashaƙar iskar tanki. Kowa ya san gwangwanin madara ba ya zuba sosai da huda ɗaya sai an yi masa ta biyu, to tankin mai ma yana buƙatar iska ta shiga ta maye gurbin man da aka zuƙe. Idan mashaƙar ta toshe da garin katako da maiƙo, famfo yana ta ja har ya kai inda ba zai iya ba. Da zarar injin ya mutu, a kwantar da shi murfin tanki yana sama, a sassauta murfin a hankali a saurara. Idan aka ji iska ta shiga, kuma injin ya tashi nan take ya ci gaba da aiki, an gano matsalar. A wanke mashaƙar ko a canza ta, amma kada a huda murfi da ƙusa, domin mai zai riƙa zuba a jikin mai aiki kusa da salansa mai zafi.

Idan sassauta murfi bai canza komai ba, a duba filtar mai, sannan a duba wuta tun injin yana da zafi, kamar yadda aka yi bayani a amsar matsalolin da ba na mai ba.

Tiyon mai a ido lafiyarsa ƙalau. Dole ne sai an canza shi?

A tsohon inji ido ba ya isa shaida. Tiyon da ya shekara da shekaru a cikin fetur yana iya tsagewa a daidai inda ya ratsa bangon tanki ko inda ya hau bakin kafireta, tsagar da ba a ganinta sai an lanƙwasa shi. Yana kuma iya yin laushi har ya manne da kansa idan famfo ya ja da ƙarfi, mai ya yanke a daidai lokacin da ake tsakiyar yanka. Abin lura shi ne cire kafireta da mayar da ita shi kansa yana ƙarasa tiyon da ya riga ya gaji, shi ya sa matsalar take bayyana bayan gyara, a ɗauka kit ne ba shi da kyau.

A lanƙwasa siririyar waya a zaƙulo filtar daga cikin tanki. Idan ta yi baƙi ko ta yi tauri, a canza ta, domin wankewa ba ya buɗe ta yadda ya kamata. A tabbata tiyon yana da tsawon da filtar za ta faɗa kowace kusurwa ta tanki idan aka karkata injin. Injin da yake aiki a tsaye amma ya mutu idan an kwantar da shi don kayar da bishiya, sau da yawa filtarsa ce ta maƙale a sama ta bar man a ƙasa. Kada a sa tiyon ƙarin ruwa na asibiti ko wata farar roba da ba ta mai ba, fetur yana busar da su cikin ɗan lokaci.

Mece ce hanyar numfashi, kuma yaya ake gwada ta?

Ita ce take kai bugun iskar ɗakin karanshaf zuwa bayan fatar famfo. A wasu injuna ɗan gajeren tiyo ne daban, a wasu kuma rami ne da ya ratsa ta cikin mazaunin kafireta da gasket ɗinsa. Idan tiyo ne, yana iya tsagewa ko ya zame daga bakinsa lokacin da ake mayar da kafireta. Idan rami ne, gasket da aka sa a juye, ko wanda aka yanka da hannu aka manta ramin, ko gam da aka shafa ya yi yawa, duk suna toshe shi.

Gwajinta ba shi da wuya. A cire kafireta, a shafa ɗan giris ko a ɗiga baƙin mai a bakin ramin, a ja igiya. Idan hanyar a buɗe take, za a ga man yana shiga yana fita tare da motsin fistin. In bai motsa ba, famfo ba zai taɓa aiki ba, komai kyan kit ɗin da aka sa.

Yaya ake saita sukurorin L da H da na silo?

Ba a fara wannan sai an tabbata duk abin da aka ambata a sama lafiya yake, filtar iska a wanke take, an ɗaura sarƙa da takobi, wato dogon ƙarfen da take zagayawa a kai, kuma man tanki sabo ne. A tsofaffin kafiretoci marasa hular taƙaita juyi, ana ɗaure L da H a hankali har su taɓa ƙasa, ba tare da matsawa ba domin bakinsu yana lalata mazauninsu, sannan a kwance kowanne zagaye ɗaya. Wannan mafari ne kawai na tayar da injin. Sukuru na uku, wanda Stihl suke rubuta wa LA, Husqvarna kuma T, ba ya ƙara mai ko rage shi, buɗe bakin totur kawai yake yi.

Bayan injin ya yi ɗumi, a ɗaure L kaɗan-kaɗan har silo ya hau ya fara neman mutuwa, a dawo da shi baya har ya fara nauyi, sannan a tsaya a tsakani, a ɗan fi karkata wajen kwancewa, inda injin yake amsa totur nan take ba tare da shaƙewa ba. Daga nan a daidaita sukurun silo har sarƙa ta tsaya cak, wanda a yawancin injuna yake kamawa wajen juyi 2,500 zuwa 2,800 a minti.

Sukurun H shi ne mai haɗari, kuma a nan ne injuna da yawa suke mutuwa. Idan aka ɗaure shi, ƙarar injin tana yin tsini tana daɗin ji, mai aiki ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, alhali mai ne ya ragu, kuma raguwar mai raguwar abin shafe fistin ce da abin sanyaya shi. Saitin da ya dace shi ne idan aka danne totur gaba ɗaya ba a cikin itace ba, a ji ƙarar tana da ɗan kaushi da gargada, idan sarƙa ta shiga itace kuma ta washe ta zama sumul. Kada a riƙe totur a haka fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Matsakaitan injuna da yawa iyakarsu tana tsakanin juyi 12,000 da 13,500, amma Stihl 070, mai girman silinda cc 106, yana da gwamna, wato na'urar da take taƙaita gudu, kuma gudunsa bai kusanci haka ba, saboda haka kada a nemi ya yi kukan ƙananan injuna.

Ba ya aiki sai an bar cok a rabin rufe, ko kuma ya shaƙe ya mutu idan aka ba shi totur.

Duka biyun alamar ƙarancin mai ce. A kwance L kwatan zagaye a gwada. Idan ya gyaru, saiti ne. Idan sai an kwance L ko H zagaye biyu ko fiye kafin injin ya yi aiki, to sukurun yana rufa wa wata matsala asiri ne: 'yar ragar cikin kafireta ta toshe, ko hannun allura ya yi ƙasa, ko tiyo yana shan iska, ko kuma iska tana shiga injin ta wani wuri. Aiki da inji a wannan hali ganganci ne, domin ranar da ɓarakar ta ƙara buɗewa fistin ne zai biya.

Silo yana hawa da kansa, sarƙa tana juyawa, kuma ƙarar tana canzawa idan na karkata injin. Kafireta ce?

Da wuya. Waɗannan alamun iskar sata ce, wato iskar da take shiga injin ba ta bakin kafireta ba. Wuraren da take bi su ne robar da ta haɗa kafireta da silinda, da gasket na gindin silinda, da tiyon numfashi, da oyilsil guda biyu na karanshaf, ɗaya a bayan kuloci ɗaya a bayan fulawil. Wata alamar ita ce idan aka saki totur injin ba ya sauka silo nan da nan, sai ya ɗan jima a sama, kuma saitin da aka yi da safe ba ya kaiwa azahar.

Tabbatar da wannan yana buƙatar a toshe bakin kafireta da na salansa da yankin robar tsohon tub, a hura iska cikin injin zuwa kimanin bar 0.5, a ga ko allurar ma'auni za ta tsaya. Idan tana sauka, a shafa ruwan sabulu a wuraren da aka lissafa a nemi kumfa. Ya kamata a gwada da zuƙa ma, domin tsohon oyilsil yana iya riƙe hurawa amma ya saki idan aka zuƙa. Kafin a sa sabon oyilsil a girgiza bakin karanshaf da hannu, idan yana wasa sama da ƙasa to boris, wato abin da karanshaf yake juyawa a kai, ya tafi, kuma sabon ba zai daɗe ba. Duk injin da ya nuna waɗannan alamu a ajiye shi har a gyara, ko da kuwa aiki yana jira.

Na kai kafireta wurin mai faci an hura ta da kwamfuresa. Akwai illa?

Akwai. A cikin bututun da man H yake fita, kafiretoci da yawa suna da wani ɗan bawul mai laushi da yake hana iska komawa ɗakin awo lokacin silo. Iskar kwamfuresar taya tana iya yaga shi ko ta fitar da shi, kuma ba ya cikin kit. Alamar lalacewarsa ita ce injin yana gudu a totur amma silo ya ƙi zama ko yaya aka juya L. Haka nan zura allurar ɗinki ko wayar burki a ramukan yana faɗaɗa su har abada. Feshin wanke kafireta da iska mai sauƙi sun wadatar, bayan an cire duk wata roba. Akwai kuma 'yan marufan ƙarfe da aka dasa a ɗakin awo, idan babu dalili mai ƙarfi kada a ɓalle su, domin wanda bai zauna daidai ba yana yoyon mai.

Yaya ake gwada kafireta da matsi idan babu kayan gwaji na kamfani?

Ana haɗa ɗan famfon hannu mai ma'auni da bakin da tiyon mai yake shiga, a hura zuwa kimanin bar 0.5, wato wajen psi 7, a zuba ido. Kafireta mai lafiya tana riƙe matsin. Wanda ba shi da irin wannan famfo zai iya amfani da roba da agogon tsohuwar na'urar awon hawan jini, wadda lambar ƙarshe a agogonta 300 ce, daidai da kimanin bar 0.4, kuma hakan ya isa ya tona yoyo. A fara jiƙa allurar da ɗigon mai, domin busasshiya tana iya yoyo ko da lafiyarta ƙalau. Idan matsin yana sauka, a tsoma kafiretar a cikin kofin haɗaɗɗen mai a ga inda kumfa take fita: gefen murfin famfo yana nuna gasket, cikin maƙogwaron kafireta kuma yana nuna allura. Da wannan famfon ake gwada tiyon mai ma, a toshe bakinsa ɗaya a hura ta ɗayan.

Shin man da nake sawa yana da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa. Fetur da aka saya a galan a bakin titi yana iya zuwa da ruwa, ko tsatsa, ko gaurayen kalanzir, kuma ramukan wannan kafireta sun fi na babur ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A juye man tanki a cikin farar kwalba a ajiye ta na ɗan lokaci, ruwa zai kwanta a ƙasa a gan shi a fili. Ko man gidan mai ba a rasa samun matsala, domin a watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin mitanol fiye da ƙima cikin Najeriya, kuma irin wannan sinadari yana ɓata roba yana jan ruwa. Sabuwar fata ma idan ta kwana biyu a cikin gurɓataccen mai tana yin tauri.

Game da haɗi, da man 2T mai kyau ana yin 50:1, wato mililita 20 a kowace lita ɗaya ta fetur, ko mililita 100 a lita 5. Injunan ƙasar Sin da yawa an rubuta musu 25:1, wato mililita 40 a lita. A auna da sirinji ko kofin awo, a daina kintace da murfin galan. Baƙin man mota ba madadin 2T ba ne, yana tara gawayi a fistin da salansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suna ƙyashin zubar da ragowar haɗi, amma haɗin da ya wuce wata ɗaya a ajiye bai cancanci shiga wannan inji ba. Idan za a ajiye injin na tsawon lokaci, a juye tanki, a tayar da shi har ya mutu da kansa.

Zafin Kano da ƙurar hunturu suna shafar saiti?

Suna shafa. A lokacin hunturu filtar iska tana toshewa da wuri, iska ta ragu, injin ya riƙa hayaƙi yana nauyi. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗaure H don a gyara wannan, sai ranar da aka wanke filtar injin ya koma ƙarancin mai ba tare da an sani ba. A wanke filta tukuna, sannan a taɓa sukuru. A bazara kuma, musamman watan Afrilu da zafi yake kaiwa digiri 40, injin da aka kashe aka bari a rana yana iya ƙin tashi saboda man da ke tiyo da kafireta ya zama tururi. A kai shi inuwa ya huce, a sassauta murfin tanki a hankali fuska tana gefe, a kuma share garin katakon da ya cushe tsakanin haƙarƙarin silinda.

Injina yana da 'yar robar da ake dannawa kafin a tayar, amma ba ta cika da mai.

Wannan roba ba tura mai take yi cikin kafireta ba, zuƙo shi take yi ta cikin kafireta ta mayar tanki. Idan aka musanya tiyoyinta biyu wajen mayarwa, sai ta riƙa hura iska a tanki. Tiyon da yake da filta shi ne yake zuwa bakin famfon kafireta. Idan robar ta lotsa ta ƙi dawowa, akwai toshewa a filta ko a 'yar raga.

Waɗanne matsaloli ne suke kama da na mai alhali ba su ba ne?

Na farko shi ne raunin matsin silinda. A ɗaga injin da igiyar tayarwa, mai lafiya yana sauka a hankali yana tsayawa, wanda ringinsa ya cinye kuwa yana zubewa ƙasa kai tsaye. A kwance salansa a leƙa fistin da tocila, idan aka ga zane-zane a tsaye a jikinsa, to ya taɓa yin aiki da ƙarancin mai, kuma sai an gano dalilin kafin a sa sabo, in ba haka ba sabon ma haka zai ƙare. Na biyu shi ne salansa da ta toshe da gawayi, wadda take sa injin ya yi silo lafiya amma ya kasa ɗaukar totur. Na uku koyil ne da yake yanke wuta idan ya yi zafi, ya dawo idan ya huce. Bambancinsa da toshewar mashaƙar tanki shi ne koyil yana kashe injin farat ɗaya, ƙarancin mai kuwa yana sa ƙarar ta ɗan hau kafin ta mutu.

Yaushe ya kamata a haƙura da gyara a sayi sabuwar kafireta?

Idan sandar totur tana wasa a mazauninta har iska tana bi, ko ruwa ya ci cikin kafireta ya bar farin gari da ramuka, ko mazaunin allura ya ƙi riƙe matsi bayan an sa sabuwar allura, ko bawul ɗin da aka ambata a amsar kwamfuresa ya lalace, to kit ba zai ƙara yin amfani ba. Wanda zai je shagunan kayan inji a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ya tafi da tsohuwar a hannu, kuma ya karanta lambar da aka buga a jikinta, irin su WT ko HD na Walbro, C1Q ko C3 na Zama, HL ko HS na Tillotson, domin injuna masu suna ɗaya suna iya zuwa da kafireta daban-daban. A gwada girman maƙogwaro, da wurin ramin numfashi, da inda hannun totur da na cok suke kamawa.

Kwaikwayon kafireta da ke kasuwa suna da araha, wasunsu suna aiki, amma ingancinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka a yi wa sabuwar gwajin matsi tun kafin a ɗaura ta, kuma a saita ta daga farko kamar yadda aka bayyana a amsar L da H. Tsohuwar ta asali kada a yar da ita, domin sukurorinta da sifirin da murafunta sukan fi na sabuwar kyau, kuma za a iya buƙatarsu. Idan sabuwar kafireta ta nuna alamun da tsohuwar take nunawa, a koma kan tiyo da hanyar numfashi da oyilsil, a yi wa injin gwajin iskar sata kafin a sake kashe kuɗi a kan wani abu.